Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga majalisar dattawan ikilisiyarmu a Marwa, kan asusun ta'aziyya da maganar kati

Zuwa ga Baba Fasto shugaban majalisa, da sauran fastocinmu, da masu bishara, da dattawan ikilisiya.

Iyayenmu, muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanku da hidima. Yaya gajiyar aiki, yaya su Mama da yara? Allah ya ƙara muku lafiya da hikima, ya saka muku wahalar da kuke sha a kanmu.

Ni 'yarku ce, ɗaya daga cikin matan zumunta na ɓangaren da ke sujada da Hausa a nan Marwa. Littafin zumunta yana hannuna, shi ya sa mata suka ɗora mini rubutun nan. Amma maganar tamu ce mu duka: gwauraye, da matan da har yau ba su san inda mazansu suke ba, da kakanni masu riƙon jikoki, da iyayen da 'ya'yansu suka isa aure. Mun riga mun aiko da kukanmu ta bakin shugabar mata kamar yadda tsari ya tanada, muka jira, ba mu ji komai ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun fito da wasiƙar fili ne domin 'yan'uwanmu na Mora da Mokolo da Kusiri da Garwa su ma su karanta, tunda damuwar ba ta tsaya a ƙofar majami'armu kaɗai ba.

Bayan Ista aka karanta mana sanarwar majalisa, abu uku a cikinta. An haɗe asusun ta'aziyya da asusun gini har sai an gama sabuwar majami'a. Fasto ba zai tsaya a jana'iza ko ɗaurin aure ko miƙa jariri ba sai katin gidan ya nuna an biya baiko da kuɗin gini. Sujadar Hausa kuma ta koma sau ɗaya a wata, sauran Lahadi a haɗu da Faransanci da Fulatanci.

Ba mu ƙi gini ba, kuma Allah ne shaidarmu. Mu ne muke jan benci gefe in ruwa ya sauko ta tsohon rufin kwano, mu ne muka ɗebo yashi daga Mayo Kaliyawo a kanmu, muka yi jigilar ruwan bulo. Mun san abin da ake ba fasto a ƙarshen wata bai isa ya riƙe gida ba, mun kuma san akwai a cikinku waɗanda suka baro majami'unsu a ƙone a bakin iyaka, suka binne 'yan ikilisiyarsu da hannunsu. Ba baƙin wahala muke rubuta wa ba. Saboda haka ne ma muke da ƙarfin halin faɗa muku abin da sanarwar nan ta haifar a gidajenmu.

Kun san mu, amma bari mu tuna muku inda muka fito, don a nan ne maganar kati ta gagare mu. Kaɗan ne a cikinmu aka haifa a Marwa. Wasu sun gangaro daga ƙauyukan Kolofata da Amcide da Mozogo da Turu tun da hare-haren Boko Haram suka tsananta a 2014. Wasu mutanen Gwoza ne da suka tsallako duwatsu, suka zauna a sansanin Minawawo da aka buɗe a 2013, daga baya aure ko neman abinci ya kawo su gari. Akwai Mafa a cikinmu, akwai Gilabda, da Margi, da Kapsiki. Hausa ce ta haɗa mu, da ita muka koyi karanta Littafi Mai Tsarki, da ita muke waƙa, da ita muke kuka. Ko a cikin garin nan ba mu tsira ba, don a watan Yuli na 2015 bama-bamai sun tashi a babbar kasuwa da Barmare, kwana uku bayan haka kuma a Pont Vert. Matar da ta gudu da tsakar dare, goyo a baya, yaro a hannu, ba ta tsaya neman katin ikilisiya ba. Da ta iso nan aka ba ta sabo, sai ya zama katin bashi, domin abin da take samu a tuyar ƙosai ko wankau bai wuce na bakin yara ba.

A daminar nan mijin wata 'yar'uwarmu ya rasu. Mai tura ruwa ne a kura, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana kaɗan, a daren Juma'a Allah ya karɓi abinsa. Da asuba muka je muka sanar. Aka buɗe littafi, aka ce gidan yana da bashin wata da watanni, sai majalisa ta zauna ranar Lahadi ta duba. Gawa ba ta jiran Lahadi, kuɗin ɗakin ajiye gawa kuwa ya fi ƙarfin matar. Samarinmu suka haƙa kabari. Wani tsoho da ya taɓa zama mai bishara a ƙauyensu ya karanta Zabura 23, ya yi addu'a. Maƙwabtanta Musulmi ne suka kawo tabarmi da ruwa da kwanon tuwo, suka zauna da ita har dare, Allah ya saka musu da alheri. Tun daga ranar ba ta sake shiga sujada ba. Da na je gaishe ta, ta ce da ni: "Yaya, ba fushi nake da Yesu ba. Kunyar shiga nake ji. Kowa ya ga an binne mijina kamar wanda ba shi da kowa." Mutumin nan shi ne yake kawo ruwan da ake zuba wa bulon ginin, sau da yawa ba ya karɓar kuɗi. Littafin lissafi bai rubuta wannan ba.

Asusun ta'aziyya kuwa ba wata dukiya ba ce. Ɗari-ɗari ne da hamsin-hamsin na mata, da abin da ake tarawa a Lahadin godiya. Amma da shi ake sayen katakon akwati in gida ya kasa. Da shi ake kai tiya biyu uku na dawa da sabulu da sukari gidan makoki, ake biyan mai babur ya kai mara lafiya asibiti da dare, ake cika wa maraya kuɗin littafi in an koma makaranta a watan Satumba. Kuɗin nan in an zuba shi a gini, ko layin bulo ɗaya ba zai ƙara ba a wata. A gidan mai makoki kuwa shi ne bambancin a hura wuta da a kwana da yunwa. Kuma, iyayenmu, kuɗin ya kan ja ƙafa. Wadda aka ba dawa ta kai, dole ta shiga, ta zauna, ta yi addu'a. Da aka rufe asusun sai ziyarar ma ta yi sanyi, don mace tana jin nauyin shiga gidan makoki hannu rabbana.

Ku ne kuka koya mana Ayyukan Manzanni sura 6. A Urushalima gunaguni ya tashi domin ana manta gwaurayen masu jin Helenanci a rabon abinci na kullum. Manzanni ba su tsawata wa masu gunagunin ba, ba su kuma ce a jira ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas, aka danƙa musu aikin. Abin da ya faru ke nan da mu: gwauraye ne, kuma masu wani harshe ne. Tsohuwar da ta zo daga bayan Gwoza ba ta jin Faransanci ko kaɗan, Fulatancinta na cinikin kasuwa ne. Lahadi uku a wata tana zaune tana kallon bakin mai wa'azi. In an karanta wurin da Yesu ya ce kada zuciyarku ta ɓaci, ba ta san da ita ake ba.

Yanzu bari mu zo kan waɗanda ba a taɓa sanya su cikin wata sanarwa ba, ko tsohuwa ko sabuwa. Akwai mata a cikinmu da ba su da gawa. An tafi da miji daga gona, ko ya fita kasuwar iyaka bai dawo ba, ko an rabu a guje cikin duhu kowa ya bi tasa hanya. Akwai uwaye da aka ɗauke musu 'ya'ya mata, yau shekara goma da wani abu. Wadda mijinta ya mutu an yi mata zaman makoki, an yi mata sannu da haƙuri, ta yi kuka ta share, ikilisiya ta san sunanta a jerin gwauraye. Ita wannan fa? In an tashi rabon Kirsimeti ga gwauraye a ce ba ta ciki, don ba a tabbatar ba. In an kira taron ma'aurata ta zauna a gida. In wani ya nemi aurenta, a ce mata matar aure ce. In ta sa baƙaƙen kaya dangin miji su ce ta kashe shi da bakinta, in ta yi kwalliya su ce ta manta da shi. Wayarta ba ta mutuwa, ko ba ta ci abinci ba sai ta biya kuɗin caji, kuma duk baƙuwar lamba da ta shigo sai gabanta ya faɗi. 'Ya'yanta suna tambaya, ba ta da amsa. Na zauna da irin waɗannan mata da yawa, abin da suka fi faɗa shi ne ba su san yadda za su yi addu'a ba: su ce Allah ya dawo da shi, ko su ce Allah ya ba su haƙurin rashinsa?

Ba mu ce ku yanke hukuncin da ya fi ƙarfinku ba. Maganar sake aure tana da nauyi, akwai ta Littafi, akwai ta kotu, mun sani. Amma shiru ba amsa ba ce. Mace ta yi shekaru tana jira, babu dattijo ɗaya da ya zauna ya tambaye ta yadda take kwana. Ƙungiyar Red Cross ta duniya tana da ofishi a nan Marwa, tana karɓar sunayen waɗanda suka ɓace tana neman labarinsu, amma da yawa cikin matanmu ba su san da haka ba, wasu kuma suna tsoron zuwa su kaɗai. Duniya ta keɓe ranar 30 ga Agusta domin tunawa da waɗanda suka ɓace. Mu da muka fi kowa yawan irin waɗannan gidaje, ko sau ɗaya ba a taɓa kiran sunayensu a bagade ba.

Akwai kuma maganar da ake faɗa a gidan makoki. Wannan ta fi yi mini wuyar rubutawa, don masu faɗar da kyakkyawar niyya suke faɗa. Uwa ta rasa ɗa, kafin ta gama numfashi an ce mata, "Ki daina kuka, mai bi ba ya kuka." Mace ta yi ɓari na biyu ko na uku, a ce ta binciki kanta, wataƙila akwai zunubin da ba ta furta ba. Wadda ba ta haihu ba a riƙa tura ta daga wannan gidan addu'a zuwa wancan, tana sayen mai da ruwa, har a ce wata tsohuwa a danginsu ce ta ɗaure ta. Na san gidan da wannan magana ta raba 'ya da uwar da ta haife ta. Saurayin da ya ga an yanka mahaifinsa a gabansa, ba ya barci, in ƙofa ta buga da ƙarfi sai ya zabura ya shige ƙarƙashin gado, an ce masa rashin bangaskiya ne. Yanzu a rumfar burkutu yake wuni, can aƙalla ba wanda ke ce masa haka.

Ina muka samo wannan koyarwa? Yesu ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka ya tsaya a Betanya ya yi hawaye tare da Maryamu. Da almajirai suka tambaye shi game da mutumin da aka haifa makaho, ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Abokan Ayuba sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, a nan ne suka yi masa amfani. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa, a ƙarshe Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Manzo Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, ya ce ne kada su yi shi kamar waɗanda ba su da bege. Ni kaina da na binne 'yata ta fari, wa'azin da aka yi ranar ko kalma ɗaya ban riƙe ba. Abin da na riƙe shi ne wata tsohuwa, Allah ya ba ta hutu, da ta riƙa zuwa kowace safiya ta share mini tsakar gida, ta dama kunu, ta zauna kusa da ni tana rera waƙa a hankali, ta tashi ta tafi. Ta wurinta na gane Allah bai yashe ni ba. Irin aikin tsohuwar nan ne muke roƙo kada a bari ya mutu a cikinmu.

Sai abin da ke biyo bayan makoki. Tabarmi ba su gama naɗewa ba, dangin miji sun iso. A ɗauki babur, a ɗauki keken ɗinki, a kwashe buhunan masakwa, a ce ɗakin na ƙanin mamaci ne, in tana so ta zauna sai ta yarda ya gaje ta. Wani lokaci masu yin haka 'yan ikilisiya ne, muna cin Jibin Ubangiji tare da su. In an kawo ƙara sai a ce maganar gida ce, ikilisiya ba ta shiga. To, dokar ƙasa ma ta shiga. Dokar Kamaru ta 1981 kan rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta ce in miji ya rasu, magadansa ba su da iko a kan matar, ko a kan 'yancinta, ko a kan rabonta na dukiya, kuma bayan kwana 180 tana iya auren wanda take so. Kundin hukunta laifuka na 2016 ya mai da korar mutum daga gidan aurensa ba tare da hukuncin kotu ba laifi. Ya za a yi gwamnati ta tsaya wa gwauruwa, ikilisiyar da ke karanta Yaƙub 1:27 ta ce ba ruwanta?

Amma doka da takarda take aiki, mu kuwa yawancinmu ba mu da ita. Auren da aka ɗaura a majami'a ko a gida kaɗai, ba a je ofishin magajin gari ba, in an je gaban hukuma kamar ba a yi ba ne. Matar ma'aikaci ta je neman fanshon mijinta a CNPS, hukumar fanshon ma'aikata, a ce ta kawo takardar aure, ta dawo hannu wofi. Yaran da aka haifa a hanyar gudu ko a ƙauyen da ofishinsa ya rufe ba su da takardar haihuwa. Yaro ya yi karatu har ajin ƙarshe na firamare, ranar rajistar jarrabawar CEP a ce ba shi ciki, sai an je kotu an yi masa takardar maye gurbi, da shaidu da kuɗi. Mun ga yara masu ƙwaƙwalwa sun koma tallan ruwa saboda wannan. A cikin ikilisiyar nan akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan ofis, akwai waɗanda suka karanta shari'a. Ba a taɓa ce musu su zauna ranar Asabar ɗaya su taimaka wa gwauraye da takardu ba.

Kada ku ɗauka kuka kaɗai muka kawo. Farin cikinmu ma sharaɗin kati ya taɓa shi. Jariri in ya zo gidan da aka yi ta binne mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na ga kakar da ba ta yi dariya ba tun da aka kashe ɗanta, ranar da aka ɗora mata jika a cinya ta tashi ta yi rawa. Irin wannan jariri ne yanzu ake ce wa ya jira sai uban ya biya kuɗin gini kafin a miƙa shi ga Ubangiji. Yusufu da Maryamu da suka kai Yesu Haikali, hadayar da Luka ya ambata ta kurciyoyi biyu ce, wadda Shari'ar Musa ta tanada wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Saminu bai tambaye su komai ba, ya karɓi yaron a hannunsa ya yabi Allah.

Aure kuwa tun kafin sanarwar nan ya riga ya yi wa samarinmu nisa. Sadaki ya hau, ga anko, ga hayar rumfa da kujeru, ga abincin ɗaruruwan mutane, ga farar riga, ga mai hoto. Yaro mai tuƙa babur ko mai aikin gonar albasa ya lissafa ya ga ko ya shekara biyar yana tari ba zai kai ba. Sai su zauna tare haka nan, ciki ya fito, a sa su a horo, a hana su Jibi, yarinya ta koma bencin baya kanta a ƙasa. Ba mu ce a sassauta koyarwar aure ba. Muna cewa mu ne muka toshe musu ƙofar kirki, sannan muka hukunta su don sun bi ta taga. Dokar nan ta 1981 ta ce biyan sadaki ko rashin biyansa ba ya taɓa ingancin aure. Hukumomi sukan shirya auren gayya a ɗaura wa ma'aurata da yawa rana ɗaya da kuɗi kaɗan. Me zai hana mu ma mu yi haka? Jana'iza ma ta fara bin wannan hanya: a ajiye gawa makonni, a ɗinka anko, a yi kwanan zaune da lasifika, gida ya fita makoki ya shiga bashi. A nan majalisa take da abin hanawa, in hani take nema.

Ga fargaba kuma da ba ta ƙarewa. Ambaliyar 2024 ta cinye gidaje da gonaki a Yagwa da Maga da Kusiri, dangi suka taho suka sauka a ɗakunanmu da dama sun yi mana kaɗan. Rikicin Logon-Birni na 2021 ya tura dubban mutane ƙetaren kogi zuwa Cadi. Wadda ɗanta soja ne a bakin iyaka, ko ɗan banga a ƙauye, barcinta rabi ne. Duk waɗannan gidaje suna bukatar wanda zai leƙo ya ce, "Mama, mu yi addu'a."

Ƙasar nan ta taɓa ganin irin makiyayin da muke nufi. Baba Simon, firist na Katolika ɗan kudu, ya zo arewa a 1959 ya zauna a Tokombere, yana hawa duwatsu ba takalmi, gida gida, yana zama da mutane a kan dutse yana jin damuwarsu. Ya rasu a 1975, amma har yau Kirista da Musulmi da masu addinin gargajiya a can suna kiran sunansa da girmamawa, a 2023 kuma Paparoma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa. Ba ɗariƙarmu ɗaya da shi ba, amma tsofaffinmu na yankin Mora suna ba da labarinsa. Kuma a cikinku ma, iyayenmu, akwai waɗanda muka sani da haka a ƙauye, kafin gudu: fasto a kan keke, Littafi a jaka, ba gidan da bai san sunan yaransa ba. Zumunta a ƙafa take. Ba sabon abu muke nema ba, abin da kuka saba yi ne.

Ga roƙonmu.

A mayar da asusun ta'aziyya yadda yake, a raba shi da na gini, a danƙa shi ga mutanen da jama'a suka zaɓa, maza da mata, a riƙa karanta lissafinsa a fili kowane wata uku. In majalisa tana tsoron gini zai tsaya, ku faɗa mana gibin, mu nemi wata hanya tare, ko da za a ƙara shekara kafin a sa rufi.

A cire sharaɗin kati daga jana'iza da miƙa jariri da ɗaurin aure, gaba ɗaya. In akwai bashi, a yi maganarsa wata rana, a ɓoye, da mai gidan yana raye. Muna kuma roƙon Baba Fasto da dattawa biyu su taka su je gidan 'yar'uwarmu da aka binne mijinta ba fasto, su yi addu'a a can, su raka ta ta dawo sujada. Mu za mu nuna muku gidan.

A dawo mana da sujadar Hausa kowace Lahadi, ko da da sassafe ne kafin babbar sujada. Muna da masu karatu, muna da mawaƙa, akwai tsofaffin masu bishara da ke zaune ba aiki.

A rubuta sunayen duk waɗanda suka ɓace daga gidajenmu, a karanta su a Lahadin da ta fi kusa da 30 ga Agusta kowace shekara, a yi addu'a dominsu da iyalansu. Matansu a sa su cikin duk rabon da ake yi wa gwauraye, ba tare da an tilasta musu cewa mazansu sun mutu ba. A sa wanda zai raka su ofishin Red Cross. Majalisa kuma ta zauna da masu sanin Littafi da masu sanin doka, ta ba su amsa a kan matsayinsu, kowace iri ce, su san inda suka tsaya.

A koyar da masu ziyara, har da mu matan zumunta, abin da ake faɗa da abin da ake bari a gidan makoki. A gayyato ma'aikatan lafiya da suka san ciwon firgita su yi mana bayani, don mu gane lokacin da mutum yake bukatar addu'a da asibiti tare. Wanda ya ƙwace kayan gwauruwa kuwa, in ɗan ikilisiya ne, a kira shi gaban majalisa kamar yadda ake kiran yarinyar da ta yi ciki. A kafa teburin takardu sau ɗaya a wata. A sa rana guda a shekara ta auren gayya, ba anko, ba rumfa, a je ofishin magajin gari da safe, a zo majami'a da rana, mu matan zumunta mun ɗauki nauyin girkin.

Muna roƙon a ba mu amsa a fili, a karanta ta a sujada da Faransanci da Fulatanci da Hausa kafin Kirsimeti, tunda a fili aka karanta sanarwar farko. In kuma majalisa ta ga ya fi kyau ta ji daga bakinmu tukuna, ku sa mana rana. Gwauraye uku da mata biyu daga cikin masu jiran mazansu sun ce a shirye suke su zo su yi magana da kansu.

Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku.

'Yarku cikin Ubangiji,
a madadin matan zumunta masu sujada da Hausa,
Marwa, jihar Arewa Mai Nisa, Kamaru.